Naman Jego

Da kofin gasa a hannu ya shigo gida, ya tarar da mahaifiyarsa tana ɗura wa jaririnsa madarar gwangwani, yaron yana ta tsala kuka.

Shekarar ƙarin albashin Udoji ce, kaya suka yi tsada, nama ya gagari talaka a kasuwar Wudil. Mai horar da su tsere kuwa ya ce gudun famfalaki sai da nama kullum. Duk sanda ya dawo daga atisayen hanyar Utai, sai ya sami tsoka binne cikin tuwonsa. Bai taɓa tambaya ba.

"Inna, me ya sami yaron?"

"Nonon uwarsa ya ƙafe. Naman jegonta ka cinye, ita romo take sha." Sai yanzu ta ɗago ta dubi kofin. "Miƙo shi, ko madara a dama masa a ciki."