Wata Bakwai Ban Ga Al'ada Ba

Ungozoma tana danna cikina. Wata bakwai ban ga al'ada ba, ga ƙiba ta taso mini. Mijina Barau kuwa shekararsa guda a Jos wajen haƙar kuza. Wa zai yarda ban san wani namiji ba?

Goggo, uwarsa, tana tsaye bakin ƙofa, ta kafe ni da ido.

"Ba ciki ba ne," in ji ungozoma. "Jininta ne ke mata wasa."

Na yi ajiyar zuciya. Sai Goggo ta fashe da kuka.

"Wayyo 'yar nan, shekara shida muna jira! Na riga na zaga garin Pauwa ina cewa cikin Barau ne ya kwanta, yanzu ya tashi."