Ƙugiya Ɗaya

Kafin ka ƙara wa shafin nan wani wayo, zauna ka ji, don na gaji da maimaita muku magana ɗaya. An yi wani mai gina shafukan intanet da wani gidan rediyo ya ba aikin akwatin da masu sauraro ke rubuta saƙo a ciki. Akwatin yana aiki lafiya lau, amma hannunsa ya ƙi zama. Sai ya rubuta 'yan layukan umarni, yadda da zarar an taɓa cikin akwatin duk rubutun zai zaɓu ya yi shuɗi, wai don a ji daɗin kwafa ko gogewa. Ya gwada da sunansa, ya ga abin ya yi masa kyau, ya karɓi yabo ya tafi.

Can a wani gari akwai tsohon malamin makaranta da ya daɗe ba ya ga maciji da ƙanensa. Ya san ƙanen ba ya barin shirin gaishe-gaishe ya wuce shi, kuma ya ji labarin jikinsa ya yi tsanani. Ran nan zuciyarsa ta yi laushi, ya ɗauki waya yana rubuta neman gafara a akwatin shafin rediyon nan da yatsa ɗaya, ido na ruwa, tun azahar har rana ta yi sanyi. Da ya karanta sai ya ga ya rubuta "bakin ciki", ba ƙugiya a kan harafin. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana jan kunnen ɗalibai a kan haka, ina zai bari? Ya taɓa wurin, rubutun duka ya yi shuɗi, ya ɗauka ado ne. Yana danna ƙ, komai ya tafi, sai harafin nan shi kaɗai a akwati. Ya daɗe yana kallonsa. Ya nemi kalmomin ɗazu, suka ƙi dawowa, gajiya da kunya suka rufe shi. Ya ajiye wayar ya ce, "To, sai gobe in Allah ya kai mu." Goben a wajen jana'izar ƙanen ya yi ta.

Mai shafin bai taɓa jin wannan labari ba, har yau yana nuna wa mutane dabararsa. Ni abin da ke ba ni takaici ke nan, duk su biyun gyara suka nufa. Hausawa dai sun gama magana: garin neman gira a rasa ido.