Gyaran da Ba Ya Cikin Rajista

Ta tarar da shi a ɗakin gwaji, tsaye kan na'urarta ta karɓar sigina. Jiya da zafi ta bar ta, yau ta yi sanyi.

"Injiniya, wa ya taɓa min aiki?"

Ya kawar da kai. "Wuta take sha da yawa. Na rage daidai inda siginar ba za ta lalace ba."

Ta buɗe rajistar da ake rubuta kowane gyara, ta bi layukan da yatsa. Babu sa hannunsa.

Ya ce, "Don ki ji daɗi na yi. Magabatana fa, su zo neman aurenki ranar Asabar?"

Ta rufe rajistar.

"Su dakata tukuna. Na'ura ma ka gyara a bayan idona, ina ga gida?"