Kukan Injin Awaisu

Rabe da kunne yake gyaran inji. Ko ta bayan katanga ya ji mai silinda ɗaya yana tuf-tuf, zai gaya maka gudunsa da ciwonsa, kuma da wuya ya kuskure. Kunnen nan ne ya hana shi sakat a kakar bana.

Tun da aka fara casar masara, kullum sai iska ta kawo masa kukan injin Awaisu daga wani katangaggen fili a hanyar Bakori. Ba tuf-tuf ba ne irin na kowa. Ruri ne a haɗe, bugu na bin bugu ba numfashi. Rabe ya tsaya bakin titi ya ƙirga, ya samu ninki biyu na gudun nasa injin casar.

Awaisu fa! Wanda suka koyi aiki wurin maigida ɗaya a Funtua, wanda Rabe ne ya nuna masa yadda ake riƙe sifana. Yau shi manoma ke bi a layi. Rabe ya rantse ƙafarsa ba za ta taka filin nan ba, kuma duk wanda ya ɗauko zancen Awaisu sai ya katse shi da tsaki. Hassada ce, shi ma ya sani, amma sanin bai rage masa zafi ba.

Mai sayar da gas ya ce Awaisu jarka biyu yake ɗauka inda Rabe ke ɗaukar ɗaya. Rabe ya ce a ransa dole, irin wannan gudu ai sai da shan mai. Wata Laraba kukan ya sauko daidai da na kowa, ranar Rabe ya ci tuwo har da ƙari. Washegari rurin ya dawo.

Sai ga kiran Hajiya Tsohuwa ta Maska, wadda shekara tara shi ke yi mata casa.

"Rabe, bana masarar da yawa, kuma Asabar motar masu saye za ta zo. In ba za ka iya ba ka faɗa mini, in kira Awaisu."

"Zan iya, Hajiya."

Ya kwance injin, ya ɗauki bulok, wato gangar jikin injin, ya kai wa Malam Maharazu mai faɗaɗa silinda. Tsohon ya zura yatsa ya shafa ciki, ya girgiza kai.

"Ɗana, ƙarfen nan kamfani ya zuba shi ne daidai gudun da ya rubuta a jikinsa. In na ƙara cinsa, bangon zai koma kamar ɓawon ƙwai."

"Na Awaisu da wane ƙarfe aka yi shi, Baba?"

"Ni dai bai taɓa kawo mini nasa ba."

Wato Zariya ya kai a ɓoye, munafuki, in ji zuciyar Rabe. Ya nace har aka faɗaɗa, ya sa fistin babba, ya ɗaure gwamnan injin, wato abin da ke daidaita gudunsa, da waya don kada ya hana shi gudu.

Juma'a da hantsi ya tayar a gonar Hajiya. Ya karkata kai yana ƙara wuta a hankali, yana neman kukan nan da ya haddace. Injin ya fara rawa, matan da ke zuba masara suka ja baya. Bai kai ba tukuna. Ya ƙara.

Ana buhu na sha ɗaya ƙara ta tashi kamar an harba bindiga. Ƙarfen da ke riƙe fistin ya huda bulok ya leƙo waje, baƙin mai ya wanke tsibin masara. Injin da ke ciyar da gidansa ya yi shiru.

Hajiya ta kira Awaisu, da azahar motarsa ta shigo gonar. Ya sauko da sauri.

"Yaya Rabe, sannu. Allah ya mayar da alheri."

Rabe ya kau da kai. Bai kuma tafi ba, don ya ƙudurta yau sai ya ga ƙarfen da ya jure abin da nasa ya kasa. Aka yaye tamfol, aka sauke kaya, aka tayar, rurin nan ya cika gonar.

Inji biyu ne gefe da gefe, irin nasa sak, kowanne yana tuf-tuf ɗinsa a hankali yadda kamfani ya yi shi.