Ranar Taɓa Majinyaci

Shekara uku Ladidi tana karatun jinya daga gida, ta waya. Tun da na'urori suka karɓe aikin asibiti, doka ta ce sai ɗalibi ya taɓa majinyaci na gaske kafin a ba shi takardar shaida. Wata bakwai tana jiran layi.

Ranar Talata makaranta ta tura ta wurin wata tsohuwa, Iya Asabe. Ladidi ta yi mata sannu, ta danna bayan hannunta sau biyu, tana jiran lambobi su fito.

Tsohuwar ta ce, "'Yar nan, ni ba danna ni ake yi ba. Riƙewa ake yi."

Ladidi ta riƙe hannun. Minti goman da aka ba ta ya cika, ƙararrawa ta kaɗa. Iya Asabe ba ta sake ta ba.