Ranar da Inna Ta Ƙi Shan Magani

Bai gama sallama ba ya ɗauki kwalbar maganin daga kan taga, ya girgiza. A cike take.

"Haba Inna! Hawan jini wasa ne? So kike ki yanke jiki ki faɗi ba kowa a gidan?"

Tsohuwar ta sunkuyar da kai kamar ɗaliba, ita da ta tsufa tana koyarwa. Abokansa sun ce tsoho sai da tsawa, shi ma ya yarda. Duk ranar da ya baro ofis ya zo ya yi faɗa, takan kama shan magani sosai. Sai hankalinsa ya kwanta, ya koma gaisuwa ta waya, har ranar da maƙwabciya za ta kira ta ce Inna ta sake dainawa.

Ya zube a kujera. "Ni na gaji. Faɗan nan ba ya miki amfani."

"Yana yi mana, ɗan nan. Ci gaba, ina jinka."

Sai a lokacin ya dubi teburin. Kofi biyu ta jera, nasa har da madara yadda yake so tun yana yaro. Shayin ko hucewa bai yi ba.