Agogon Baba Ya Tsaya

Mai gyara na juya agogon da wata mata ta kawo masa, wani wari ya taso. Matar ta toshe hanci da mayafi. Dauɗa ta daskare a maɗaurin, baƙa ƙirin, haɗe da busasshen abinci.

Agogon mahaifinta ne. Ɗazu ta ciro shi daga hannun tsohon, da ta iso daga nesa ta tarar da shi kwance, an shafe shi da turare. Yayanta, mai jinyarsa, ya sha gaya mata a waya cewa kullum yana zagayawa da Baba a tsakar gida.

"A sa masa sabon batir," ta ce.

"Malama, wannan ba ya aiki da batir. Motsin hannu ne ransa. Da mai shi yana ɗaure da shi yana ɗan takawa, da bai tsaya ba."

Ya girgiza shi, allurar ta kama tafiya.

Ta gane Baba ya daɗe bai taka ba. Ta kira yayanta.

"Ƙanwata, kin ga yadda Baba ya yi fes?"

"Na gani, Yaya. Haɗa masa kayansa, da ni zai tafi."